Ɗan akwatin gem da ba shi da suna

Jiya da la'asar ina shirin fita ka tare ni a bakin shago da ɗan akwatin nan da ɗalibin Samaru ya kawo, ka ce: "Oga, wannan mene ne? Babu suna a jikinsa, babu takarda. Mai shi ya ce a kayan gwanjo ya same shi tare da fanel ɗin Street Fighter II, yana so ya riƙa bugawa a talabijin ɗin ɗakinsa. In jona mu gani?" Na ce ka ajiye, kada ka kuskura ka ba shi wuta. Na ga ranka bai so ba. To jawo benci, ɗana, ɗauko mita, yau kasuwa shiru muna da lokaci.

Masu harkar suna kiran abin nan supergun. Kada sunan ya ruɗe ka, ba bindiga ba ce, kuma babu ƙwaƙwalwa ko ɗaya a cikinsa. Ka san manyan injinan gem ɗin nan masu tsayin mutum, waɗanda ake jefa wa kwabo kafin a buga? In ka buɗe bayansu abu biyar za ka tarar: fanel ɗin gem, na'urar ba da wuta, allon hoto, sifika, sai sanda da maɓallai. Fanel ɗin shi ne gem ɗin, sauran duk masu yi masa hidima ne. To wannan ɗan akwatin shi ne ke tsayawa a madadin katakon injin gaba ɗaya. Yana kai wa fanel wuta, ya karɓo hoto da sauti ya miƙa wa talabijin, ya kai masa saƙon hannun mai bugawa. Wayoyi ne da 'yan risistoci kawai, shi ya sa ko babu takarda, mai mita da haƙuri zai karance shi tas a zama ɗaya.

Fara da dogon bakin nan. Ƙirga haƙoransa. 28 sama, 28 ƙasa, 56 ke nan. Wannan shi ne JAMMA, sunan ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan, wadda ta fito da tsarin a 1985. Kafin nan kowane kamfani da nasa baki, mai injin in zai canza gem sai ya warware wayoyi ya sake ɗinki. Gefen da ayisi suke, wato ƙananan baƙaƙen ƙwaƙwalen nan masu ƙafafu, ana ƙirga shi da lamba, 1 zuwa 28, gefen dalma kuma da haruffa. Haƙori na 1 da 2 giraun ne, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, 3 da 4 bolt 5, na 5 shi ne bolt 5 nagetif, na 6 bolt 12. Na 7 babu komai, nan ne ake yanka tsaga a fanel a sa ɗan roba a soket don kada a juya shi. Leƙa soket ɗin namu. Ka ga robar? Babu. Wato yana shiga ta kowace fuska, kuma da ka jona shi a juye jiya, da wuta ta bi ta layin maɓallai yayin da ƙafafun wutar fanel suka faɗa kan wani abu daban. Kafin komai ɗauko alƙalamin maka ka rubuta "gefen kaya" da "1" a jikin soket, sannan mu yanko ɗan roba mu toshe gurbin na 7.

Ka kuma riƙe wannan: kama da wane ba ta wane. Fanel ɗin Sega System 16 shi ma haƙora 56 gare shi, yana shiga soket ɗin nan lafiya lau, amma jerin ƙafafunsa daban ne. Pac-Man na 1980 wutar AC yake karɓa daga taransifoma, shi da kansa yake gyara ta. Donkey Kong na Nintendo launukansa a juye suke fitowa. Duk irin waɗannan sai da adafta. In aka kawo maka fanel ba ka san shi ba, sa mita a kan ƙara, taɓa haƙora biyun farko da biyun ƙarshe, duka su yi ƙara da giraun. Sannan nemi wata ƙaramar ayisi mai ƙafa 14 da lambarta ta fara da 74, galibi ƙafarta ta 14 ita ce wuta, ta 7 giraun. In ƙafa ta 14 ta yi ƙara da haƙori na 3 da na 4, to alama ta yi kyau. In ba ta yi ba, ajiye shi ka kira ni.

Fanel ɗin ɗalibin nan na Capcom ne, tsarin da suke kira CPS-1, ka ga hawa-hawa ne, babba a ƙasa, wani a kansa, ƙarami a can sama. Street Fighter II ya fito a 1991. Wanda ya biyo bayansa, CPS-2 na 1993, a cikin kwanson roba yake zuwa, kala-kala gwargwadon ƙasar da aka yi wa, kore na Japan, shuɗi na Amurka da Turai, kuma yana ɗauke da batir wanda in ya mutu gem ɗin ya daina tashi. In irinsa ya zo hannunka ya ƙi nuna komai, kada ka yi saurin ɗora wa akwatin laifi.

Yanzu maganar wuta, kuma nan nake so ka fi buɗe kunne, don a nan ake kashe fanel. Da farko duba bayan abin da ke ba akwatin wuta. Kayan Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120, mu kuma namu 230. Sau nawa aka kawo mana rediyo daga kwantena an jona kai tsaye ya yi hayaƙi? In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, sai da taransifomar rage wuta, ko mu cire mu sa tamu.

Ayisi ɗin da ke kan waɗannan fanel suna son bolt 5, kuma iyakar abin da suke jurewa daga 4.75 ne zuwa 5.25. In ta yi ƙasa sai ka ga hoto ya tarwatse, gem yana sake tashi da kansa. In ta yi sama sai su yi zafi su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma wasunsu kamfanin ne ya ƙera wa kansa, ba a Sabon Gari ba, ko kasuwar Alaba ta Legas ka je ba za ka samu ba. Kuskuren yara shi ne su auna a bakin na'urar wuta su ga 5 cif su ce shi ke nan. A'a. Fanel irin wannan yana jan amfiya da yawa, waya da soket suna cinye wani abu a hanya. A kan fanel ake aunawa, a ƙafar ayisi, gem yana aiki. Dubi siririyar wayar da mai akwatin ya sa a layin bolt 5, kamar ta iyafis. Wannan ce gyaranmu na farko: mu cire ta mu sa mai kauri, mu cika duk haƙora huɗun na bolt 5 da duk na giraun, mu sa fiyus a hanya. Da akwai ƙaramar mita mai nuna lamba da ake sayarwa, mu maƙala ta a fuskar akwatin, mai shi ya riƙa gani da idonsa.

Na san abin da ke ranka, na'urar wutar tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur. Tana yi. Ja bolt 5, rawaya 12, baƙi giraun, in ka haɗa kore da baƙi ta tashi. Aibinta biyu ne. Ba ta da abin murɗawa da za ka ɗaga ko ka sauke bolt 5 ɗin, sannan sababbin ba su da farar waya mai bolt 5 nagetif, an daina sa ta tuntuni. Gem da yawa ba ruwansu da ita, amma irin su Mortal Kombat in babu ita sauti ba zai fito daidai ba. Maganin mai sauƙi ne: ɗauki shuɗiyar waya, bolt 12 nagetif, ka bi da ita ta 7905, ayisin da ke sauke ta zuwa bolt 5 nagetif. Sai dai ka lura, ƙafafun 7905 ba irin na 7805 da ka saba ba ne. A 7805 shiga, giraun, fita. A 7905 giraun, shiga, fita, kuma ƙarfen bayansa ba giraun ba ne, shiga ne. In ka ɗaure shi da jikin akwatin ƙarfe ba tare da mika, ɗan fallen da ke hana wuta ratsawa, a tsakaninsu ba, ka yi shot. Ni dai in mai kaya yana da hali na fi so ya sayi irin Mean Well RT-85A, tana ba da duka ukun, tana da abin saiti, tana kuma karɓar wutarmu ba tare da taransifoma ba. Ka kuma gaya masa kada ya buga a ƙaramin janareto ba tare da sitabilaiza ba, in NEPA ta ɗauke ya kashe ya jira ta zauna.

Juya akwatin. Wannan zagayen soket mai rami takwas nan hoto ke fita. Fanel ɗin gem ba ya ba da hoto a waya ɗaya kamar rawayar wayar DVD. Launuka uku yake bayarwa a rabe, ja a haƙori na 12, kore a N, shuɗi a 13, sai siginar da ke tsayar da hoto, wadda muke ce wa sink, a P, giraun ɗin hoto a 14. Sa ƙafar mita ɗaya a 12 ka bi ramukan nan ɗaya-ɗaya har ka samu inda ya fito, ka zana a takarda. Kada ka yarda da kowace waya don kawai bakinta ya shiga. Ko babban fulogin nan mai ƙafa 21 iri biyu ne, SCART na Turai da JP21 na Japan, ido ba ya bambanta su, amma jerinsu daban, har akwai inda wuta ke faɗawa a layin da ba nata ba.

Matsalar ita ce ƙarfin siginar. An yi fanel ne don allon injin, yana turo bolt biyu, uku ko fiye a kowane launi, talabijin ta gida kuwa 0.7 take tsammani a kan om 75. Shi ya sa ka ga waɗannan 'yan abin murɗawa uku a ciki, ɗaya ga kowane launi. In babu su sai mu sa, na 1k sun isa. Wanda ake yawan mantawa shi ne sink. Yana fitowa da ƙarfi kusan bolt 5. Yi lissafi da kanka: in ka sa risista om 470 a hanya, 5 sau 75 a raba da 545, ka samu kusan 0.7. Auna tsakanin P da ramin fitarsa. Nawa ka gani? Sifili. To wanda ya haɗa akwatin nan bai sa komai ba, gyara na biyu ke nan. Tsohuwar talabijin tana iya shanyewa, amma ƙananan na'urorin juya hoto na zamani ba sa shanyewa.

Wace talabijin ɗalibin yake da ita? Wannan tambayar ya kamata ka yi masa tun kafin ya bar shago. In mai ƙeya ce ta gwanjon Turai, galibi tana da SCART a baya, to ya dace, babu abin da ya fi wannan kyau. Ja a ƙafa ta 15, kore 11, shuɗi 7, sink 20. Amma sai ka ba ƙafa ta 16 wuta tsakanin bolt 1 da 3 kafin talabijin ta gane launi uku ake ba ta. Ɗauko daga bolt 5 ta risista om 180. In ka manta da wannan za ka ga baƙin allo ka yi ta zargin fanel a banza.

In kuma ramin rawaya kawai take da shi, sai an haɗe launukan da ayisi irin AD724 ko CXA1645. Hoton zai ragu da kyau, kuma ga wata matsala: mu a nan tsarin talabijin na PAL muke bi, hoto 50 a daƙiƙa, waɗannan gem kuwa kusan 60 suke gudu, don haka tsarin NTSC, na Amurka da Japan, ayisin zai fitar. Talabijin da ba ta san NTSC ba sai ta nuna maka fari da baƙi. Kuma ba 60 cif ba ne, Neo Geo 59 da 'yan kai ne, Mortal Kombat bai ma kai 55 ba. Mai ƙeya takan bi su a hankali, filasma kuwa sai ta rubuta maka babu sigina ta yi shiru. Ga filasma ko allon kwamfuta dole a ninka layukan, don fanel 15 kilohaz yake bayarwa, VGA kuma 31 take nema. Akwai GBS-8200 mai araha, tana aiki amma tana jinkirta hoto kaɗan, mai buga faɗa zai ji a hannunsa cewa naushi yana makara. OSSC ta fi ta nesa ba kusa ba, sai dai kuɗi.

Akwai hanya ta uku, a buɗe mai ƙeya a shigar da launukan kai tsaye ƙafafun babbar ayisinta, irin TDA8362 tana da mashigarsu. Aiki ne mai daɗi, zan nuna maka, amma ba bana ba. A ƙarƙashin robar nan ta bayan kwalba akwai bolt dubu ashirin da wani abu, kuma tana riƙe shi ko an cire fulogi. Wasu tsofaffin ma jikin fanel ɗinsu gaba ɗaya yana ɗauke da wutar NEPA.

Sauti. A nan ni kaina na taɓa shan kunya, shekarun baya ina shago a Tudun Wada. Wani ya kawo fanel, na ga haƙori na 10 an rubuta sifika fositif, L an rubuta sifika nagetif, sai na ce ai nagetif giraun ne, na haɗa shi da bayan fulogin RCA na tura talabijin. Ko minti biyu ba a yi ba na ji ƙauri. Amfilifayar da ke kan fanel da yawa irin mai tura sifika ta ɓangare biyu ce, duka wayoyin biyu suna ɗauke da sigina, in ka kai ɗaya giraun ka shaƙe rabinta. Na biya kuɗin ayisin daga aljihuna, na kuma yi sati ina nemanta. Saboda haka auna L da giraun a akwatin nan. In ya yi ƙara, yanke. Mafi sauƙi a ɗaura ƙaramar sifika om 8 tsakanin 10 da L a bar talabijin da hoto kawai. In mai shi ya nace sai sauti ya bi ta talabijin ko rediyonsa, je wajen masu haɗa kiɗan mota ka sayo ɗan akwatin da ke sauke sautin sifika zuwa na layi, mai ƙananan taransifoma a ciki, shi yana raba su da giraun. Fanel ɗin Neo Geo masu cin kaset biyu, huɗu ko shida kuma, 10 da L ɗinsu dama da hagu ne, ba a haɗa sifika ɗaya a tsakaninsu.

Saura hannu. Waɗannan soket biyu na gaba da ka ce VGA ne, ƙirga layinsu. Biyu. VGA layi uku ne. Waɗannan irin na hannun Neo Geo ne, wanda SNK ta fitar a 1990, kuma kusan duk masu haɗa irin akwatin nan shi suke bi: ƙafa ta 1 giraun, ta 8 bolt 5, galibin sauran kowace da maɓallinta. Tsohuwar sandar gem ta kwamfuta ita ma bakinta haka yake, amma a wajenta ƙafa ta 1 wuta ce, kada ka gwada. Yadda maɓalli ke aiki babu wani sirri, yana taɓa layinsa da giraun ne kawai. Sama, ƙasa, hagu, dama suna 18 zuwa 21, maɓallai uku 22 zuwa 24, fara wasa 17, kwabo 16. Ka tabbata akwai maɓallin kwabo da na gwaji, wato 15, a jikin akwatin, in ba haka ba ɗalibi zai zauna yana kallon gem yana neman kwabo babu ramin jefawa. Hannun PlayStation ko na USB ba ya shiga kai tsaye, don shi da lambobi yake magana. Ko a sayi adafta, ko a buɗe hannu mai araha a ɗauko waya daga ƙarƙashin kowane maɓalli, muddin duk giraun ɗaya suke rabawa.

Ka lura na ce maɓallai uku? Street Fighter II shida yake so. Naushi uku suna bi ta JAMMA, shuri uku kuwa suna da nasu ɗan soket mai ƙafa 10 a saman fanel, ga shi nan. Na CPS-2 ƙafa 34 ne. Akwatin nan ba shi da wannan wayar, gyara na uku ke nan. Za mu ja wayoyi uku-uku daga can zuwa ƙafafun da ba a amfani da su a soket ɗin hannu, mu rubuta a takarda mu manna a ƙarƙashin akwatin don wanda zai buɗe bayanmu. Kada ka bi hanyar fanel ɗin China masu gem ɗari-ɗari, waɗanda ke tura maɓalli na 4, 5 da 6 ta haƙori na 25, 26 da 27. A JAMMA na asali 27 giraun ne. In ka ɗinka akwatin a haka, ran da aka sa fanel na asali sai maɓallin ya rikice kuma an rasa giraun ɗaya. In ana son duka biyun, a sa ɗan suwic.

Abu ɗaya kuma, tunda hunturu ya shigo. Ka ji yadda riga ke tartsatsi in ka cire ta da dare? Wannan tartsatsin ya isa ya kashe ayisi. Taɓa ƙarfen tebur kafin ka ɗauki fanel, ka riƙe shi ta gefe, kada ka ɗora shi kan darduma ko buhun leda. Haƙoran nan da suka yi duhu goge su da kilina ta fensir sannan ka bi da sifirit. In za mu mayar wa mai shi, mu ɗaura fanel ɗin kan katako da ƙafafu huɗu, mu rufa masa wani abu a sama da tazara, saboda ƙurar Zariya da kuma yaran maƙwabta.

Yanzu ga kuɗi. Shiga kasuwa ka sayo risista 470 da 180, fiyus da gidansa, 7905 guda biyu, waya mai kauri yadi uku, ja da baƙa. Ka kira ɗalibin ka tambaye shi bayan talabijin ɗinsa, in ya kasa bayani ya ɗauki hoto ya turo. In ka dawo za mu kunna akwatin shi kaɗai ba fanel, ka auna min haƙora shidan farko ɗaya bayan ɗaya ina kallo, sannan mu je sallar azahar.